Sanarwa kan jar fitilar furosesa da memori a na'urar PBX

Assalamu alaikum ƴan uwa masu gyara.

Duk wanda aka kira wani ofis saboda PBX, wato na'urar da ke rarraba kiran waya a cikin ofis, ta kunna gargaɗin furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) ko memori, don Allah kada ya yi gaggawar kashewa da kunnawa. Abin da ke cikin RAM, wato memorin wucin gadi, yana gogewa, shaidar matsalar ta bi shi. A fara ɗaukar hoton lambar gargaɗin da lokacin fitowarsa, a kwafi saitin na'urar a ajiye.

Lokacin fitowar gargaɗin nan a dube shi da kyau. In ya zo daidai da komawa kan janareta, batirin UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke ta, za a fara tuhuma. In da tsakar dare furosesa ke cika, alhali ba kowa a ofis, galibi ɓarayin kira ne ke ƙwanƙwasa tashar SIP ta 5060 (ƙofar da kira ke shigowa ta cikinta) daga intanet, sai a toshe su a sauya kalmomin sirri.

Ma'ajiya kuwa, tsofaffin saƙonnin murya da kiran da aka naɗa ke cinye ta. A leƙa fanka ma, ƙurar hunturu na toshe ta.

Kada a zare katin memori sai an kashe wuta, an ɗaura igiyar hannu mai sauke caji. Mu ga hoton gargaɗin a nan kafin a sayo sabon kati.