Kara ɗaya ma guba ce

Malam Edita, salamu alaikum. Nan Agege kullum sai ka ji yaranmu ƴan acaba suna cewa ai su ba mashaya ba ne, kara ɗaya kawai suke ja in an sha shayi, to wallahi hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 na jawo cutar kansa, kuma kara ɗaya a rana ma tana taɓa zuciya sosai. A Amurka an gano baƙar fata sun fi turawa kamuwa da kansar huhu ko da kaɗan suke sha. Ga hayaƙin motocin haya na danfo da janareta da muke shaƙa tun asuba, haba! Don Allah ku yi rubutu a kai.

Naku, mai karatu daga Agege, Legas