Ga wanda ya tambaye ni: wa za a cuta idan an haƙa duniyar wata?

Assalamu alaikum, ɗana.

Ba ka faɗi sunanka ba. Kai ne ka bugo waya ranar da aka gayyace ni gidan rediyo a kan haƙar ma'adinai, ana saura minti biyu a rufe shiri, ka ce: "Baba, ku masu rajin kare muhalli kun hana a haƙa a daji, kun hana a haƙa a teku. Yanzu an ce za a tafi wata, inda ba bishiya, ba tsuntsu, ba ƙauye, nan ma kun ce a'a. To wa za a cuta a can? Ba gara a haƙa wata a bar mana Zamfara ba?" Na buɗe baki ke nan mai gabatarwa ya ɗaga min hannu. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa.

Rabin maganarka gaskiya ne, kuma ba zan yi maka rowar wannan ba. Babu rai a wata. 'Yan sama jannatin Amurka sun kwaso kilo 382 na dutse da turɓaya tsakanin 1969 da 1972, an yi ta bincike a kansu fiye da shekara hamsin, ba a ga ko ƙwayar halitta ɗaya ba. Duk wanda ya kwatanta wata da dajin Amazon ya zuzuta. Ni kuma ba na cikin masu cewa ɗan'adam ya zauna inda aka haife shi. Ina yaro aka sauka a wata, a rediyon maƙwabcinmu muka ji, dattawan unguwa suka ce ƙaryar Bature ce, ni kuwa daren nan ban yi barci ba don kallon sama.

Sauran rabin ne nake ja da shi. Ka ɗauka abin da ake haƙa a Anka da Bukkuyum shi za a je nema a can. Ba zinariya ake nema ba, ɗana, ruwa ne. A ƙuryar kudancin wata akwai ramuka masu zurfi da hasken rana ba ya taɓa shiga gindinsu, sanyinsu ya wuce digiri 200 ƙasa da sifili. A 2009 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rafka wani ɓangaren roka da gangan a cikin ɗaya daga cikinsu, mai suna Cabeus, ta auna ƙurar da ta tashi, ta ga akwai ƙanƙara. Idan aka narka ta aka raba ruwan, a samu iskar shaƙa da haidurojin, wato abin numfashi da man roka. Gidan mai ake son ginawa a kan hanyar zuwa duniyar Mars. Wannan ruwa ba zai taɓa zuwa rijiyar kowa ba. Ranar da aka fara haƙarsa, mai dakan dutse a Bagega zai tashi ya ci gaba da dakansa, domin abin da ya kai shi ramin talauci ne da tsadar zinariya, kuma babu wanda kumbo zai rage a cikinsu. Yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, abin da ya kashe su a nan ƙasa yake, maganinsa ma a nan yake.

Masu cewa za a riƙa saukar da ma'adinan wata ana sayarwa, a tambaye su awo. Kumbon Sin na Chang'e 5 ya je ya dawo a 2020 da kilo 1.7. Na bayansa a 2024 bai cika kilo 2 ba. Abin da yaro zai ɗauka a leda da hannu ɗaya ke nan, bayan an kashe dukiya mai yawa. Shi kuwa sinadarin heliyom-3 da ke cikin turɓayar wata, wanda ake ta yi wa kirari, injin da zai ƙona shi ya ba gari wuta ba a ƙera shi ba tukuna. Romon baka ne.

Yanzu ga abin da za a ɓata. Ƙanƙarar nan ta daɗe tana taruwa kaɗan-kaɗan tun zamanin da hankali ba ya iya ƙirgawa, kuma a cikinta ne masana ke sa ran karanta yadda ruwa ya zo wannan sashe na sararin samaniya, har da na duniyarmu. In an narka ta an ƙona, shi ke nan, ba damina da za ta mayar. Wata ba shi da iska, ba shi da ruwan sama, ba ciyawar da za ta rufe tabo. Sawun takalman da aka bari a 1969 suna nan yadda aka taka su. Ni a kusa da Bukuru na tashi, a tsakiyar ramukan kuza. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suka fara yanka ƙasar Filato, da kasuwa ta mutu suka tattara suka bar mana kududdufai masu ruwa kore shar, ba a ganin gindinsu. Ɗaya daga cikinsu ya ci abokina muna aji huɗu. Ƙasa ce mai ruwan sama da ciyawa da mutane, amma har yau ba ta warke ba. Je ka Arlit ta Nijar ka ga tsaunukan dusar yuraniyom da aka bari bayan an rufe wata mahaƙa a 2021. Kowane ɗayan wuraren nan, lokacin da aka fara sara, an ce ai fili ne kawai, ba kowa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, na yarda, amma wani tsumman da maciji a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma ƙura. Ta wata kaifi gare ta kamar garin kwalba, kuma da yake ba iskar da za ta tare ta, in roka ya hura ta tafiya take kamar harsashi. Kumbon Apollo 12 ya sauka kimanin mita 160 daga wata tsohuwar na'ura, Surveyor 3, da aka ciro sassanta aka tarar ƙurar saukar ta kankare su. Ƙaramin kumbo ɗaya ke nan. Ka kwatanta da manya suna sauka suna tashi kowane mako.

Amma abin da ya fi damuna doka ce. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan sararin samaniya ta 1967 ta ce ba ƙasar da za ta mallaki wata. Ta 1979 ta ƙara da cewa arzikinsa gadon 'yan'adam ne baki ɗaya, sai manyan ƙasashe masu roka suka ƙi ta, waɗanda suka amince ba su kai ashirin ba. A 2015 Amurka ta yi dokarta cewa abin da kamfaninta ya haƙo nasa ne, ƙasar Lukzambur ta Turai ta bi sahu a 2017. Sannan yarjejeniyar Artemis ta 2020, wadda Amurka ta jagoranta kan aikin zuwa wata, ta kawo batun keɓe fili a kewayen wurin aiki don kada wani ya matso. Ka haɗa su ka gani: gonar ba taka ba ce, amma amfanin naka ne, kuma kana iya hana kowa shiga. Me ya rage na mallaka? Wuraren da suka haɗa ƙanƙara a gindi da hasken rana a kan tudu 'yan kaɗan ne, Amurka na hararsu, Sin da Rasha ma da nasu shirin. Wanda ya riga zuwa ya kafa turke. Mu da kakanninmu suka kwana suka tashi Turawa suka raba ƙasarsu a kan tebur a taron Balin bai kamata sai an yi mana dogon bayani ba.

Wasu abokan tafiyata suna wuce gona da iri, su ce a daina harba komai sama. Ban bi su ba. Da tauraron ɗan'adam aka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi ya janye, da shi ake hasashen damina. Kuma kada wani ya tsorata ka da cewa haƙa za ta hana ganin jinjirin watan azumi. Ramin da ido zai hango daga nan ya fi ƙarfin duk injin da ake da shi. Abin da nake nema bai kai hani ba: a auna ƙanƙarar a san yawanta kafin a taɓa, a ware wasu ramuka da ba za a shiga ba sai don bincike, a kuma rubuta tun yanzu wanda zai biya in an yi ɓarna. An taɓa yin irinsa. A 1991 ƙasashe suka zauna a Madrid suka haramta haƙar ma'adinai a Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙuryar kudancin duniya, inda nan ma ba ƙauye ko ɗaya, kuma haramcin na nan.

Wataƙila ka ce ina ruwanmu, mu da ba mu da roka. Najeriya ta sa hannu a Artemis a Disambar 2022 a Washinton, ita da Ruwanda ne na farko a Afirka, kuma ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, shi ya rattaba. Muna kuma da kujera a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke zama a Biyana, wanda tun 2021 ya kafa rukunin da ke tattauna dokar arzikin sararin samaniya. In ka sake samun layi ranar da aka gayyato wani daga NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, ka tambaye shi abin da wakilinmu yake faɗa a wannan zaman, kuma ka bugo da wuri, kada a sake katse ka.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa, daga Jos.