Akawun majalisa da hadiman Kakaki ba aiki ɗaya suke yi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na aikin majalisar dokoki da rahotanni suka saba tsallakewa, wato aikin manyan jami'an da ke tallafa wa shugaban majalisa, Kakaki ne ko Shugaban Majalisar Dattawa. Duk lokacin da aka buga guduma aka zartar da wani abu, kyamara a kan shugaban take tsayawa, sunansa kuma shi ne a kanun labarai, alhali takardar da yake karantawa wani ne ya shirya ta, ƙa'idar da ya kafa hujja da ita wani ne ya nuna masa, kuma abin da aka yanke wani ne zai rubuta shi ya zama shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haɗa rukuni biyu na waɗannan jami'ai a kira su duka "mutanen Kakaki". Rukuni na farko su ne hadiman da shugaban ya zo da su: shugaban ma'aikatan ofishinsa, masu ba shi shawara, da mai magana da yawunsa. Su ke tace wasiƙu, su tsara wa zai gan shi da kuma yaushe, su rubuta jawabansa, su riƙa kai da komo tsakaninsa da shugabannin jam'iyyu da fadar gwamnati, har su san wane ɗan majalisa ne ke fushi don ba a ba shi shugabancin kwamiti ba. Aiki ne mai wuya kuma halastacce, sai dai biyayyarsu ga mutum ɗaya take, ranar da ya sauka su ma sun sauka.

Rukuni na biyu shi ne Akawun Majalisa da mataimakansa, waɗanda shugaban ya tarar da su kuma zai tafi ya bar su. A Najeriya sashe na 51 na kundin tsarin mulki na 1999 ne ya tanadi muƙamin Akawun Majalisar Tarayya, sashe na 93 kuma ya tanadi na majalisun jihohi, don haka muƙamin ba kyautar wani ɗan siyasa ba ne. A Indiya sashe na 98 na tsarin mulkinsu ya ba kowane zaure sakatariyarsa daban, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatun gwamnati. Ofishin Akawu ne ke fitar da jadawalin zama na kowace rana, ya duba ko ƙudurin da ɗan majalisa ya kawo ya cika sharuɗɗa, ya ƙirga ko adadin da ake buƙata ya halarta kafin a yanke hukunci, ya adana sakamakon ƙuri'a da kundin muhawara, sannan ya raɗa wa shugaban abin da ƙa'ida ta ce a lokacin da gardama ta ɓarke aka rasa mai sauraron wani.

Nauyin wannan muƙami ya fi bayyana a ranar da aka ƙaddamar da sabuwar majalisa, domin a ranar babu shugaba tukuna, kuma a ƙasashe da yawa Akawu ne ke riƙe da zaman har a zaɓi wanda zai hau kujera. A Janairun 2023 Akawun Majalisar Wakilan Amurka, Cheryl Johnson, ta jagoranci zaɓe har zagaye 15 kafin Kevin McCarthy ya sami rinjaye, kuma ɓangarorin biyu sun yaba da yadda ta riƙe zauren. A Ghana, a daren wayewar 7 ga Janairun 2021, zaɓen Kakaki ya rikice har sojoji suka shiga zauren kafin a ayyana Alban Bagbin. A Abuja, ranar 9 ga Yunin 2015, an zaɓi Bukola Saraki Shugaban Majalisar Dattawa a lokacin da sanatocin jam'iyyarsa da dama ke wani taro a wajen majalisar, sannan aka shiga taƙaddama kan kundin ƙa'idojin da aka yi amfani da shi, maganar ta kai kotu a 2016 kafin gwamnati ta janye ƙarar. A jihar Edo kuwa, a Yunin 2019, an rantsar da mutum 9 cikin zaɓaɓɓu 24 da daddare, rikicin da ya bar mazaɓu da yawa babu wakilci na tsawon lokaci. Ba ina yanke wa kowa hukunci ba ne a nan. Abin lura shi ne a irin wannan rana, tambayoyin da suka yi kama da na ofis, kamar ƙarfe nawa aka kira zama, wa aka sanar, wane kundin ƙa'ida ke kan tebur, su ne ke yanke wanda zai shugabanci majalisa a sabon wa'adinta.

Haka nan bayan ƙuduri ya tsallake karatu na uku. A tsarin Najeriya Akawun Majalisar Tarayya ne ke sa hannu ya shaida cewa kwafin da za a kai wa Shugaban Ƙasa shi ne ainihin abin da zaurukan biyu suka amince da shi, daga nan ne Shugaban Ƙasa ke da kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi, kamar yadda sashe na 58 ya tanada. Tsakanin zauren majalisa da teburin Shugaban Ƙasa, kalma ɗaya ko sifili ɗaya na iya canja ma'anar doka, kuma 'yan majalisa 469 ba za su zauna su gwada kowane layi ba. Wanda ya tuna ce-ce-ku-cen da aka yi a Janairun 2016, lokacin da aka ce kwafin kasafin kuɗi ya ɓata sannan aka ce iri biyu ne ke yawo, ya san cewa adana takarda ba ƙaramin aiki ba ne.

Misalin da nake so masu karatu su tsaya a kansa daga Birtaniya yake. Ranar 21 ga Fabrairun 2024, a muhawarar da jam'iyyar adawa ta SNP daga Scotland ta kawo kan tsagaita wuta a Gaza, Kakaki Lindsay Hoyle ya yanke shawarar ba da dama a kaɗa ƙuri'a kan gyaran da Labour, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, ta kawo wa ƙudurin tare da na gwamnati, abin da ya saɓa wa al'adar da aka daɗe ana bi a ranakun da aka keɓe wa 'yan adawa. Akawun majalisar, Tom Goldsmith, bai hana shi ba, domin ikon yanke hukuncin na Kakaki ne. Abin da ya yi shi ne ya rubuta masa wasiƙa ya bayyana cewa wannan mataki ya kauce wa tsohuwar al'ada, ya faɗi haɗarin da ke ciki, aka kuma fitar da wasiƙar kowa ya gani a ranar. Zauren ya hargitse, wasu suka fice, Kakakin ya dawo da daddare ya nemi afuwa. Abin sha'awa, Hoyle da kansa ne ya shigo da tsarin da ya ba Akawu damar rubuta irin wannan saɓani a 2020, wato ya ɗaura wa kansa takunkumi tun kafin ya buƙace shi. Sannan a can ba Kakaki ne ke naɗa Akawu da kansa ba, da takardar sarauta ake naɗa shi, shi ya sa bakinsa ba ya nauyi idan gaskiya ta zo faɗa.

A ganina nan ne matsalar majalisu da yawa take. Idan ƙarin girman Akawu, da wurin da za a tura shi, da tsawon wa'adinsa duk sun rataya a kan jin daɗin shugaban majalisa, to sannu a hankali zai koma hadimi, ko da takardar ɗaukarsa aiki ta ce ba haka ba. Idan kuma shugaban ma'aikatan ofishin Kakaki ya shiga tsakani, ya zama shawarar Akawu sai ta bi ta hannunsa kafin ta isa, to abin da zai isa kunnen shugaban shi ne abin da yake son ji. Shugaban ne kuma zai fara cutuwa, domin a Najeriya yawancin 'yan majalisa ba sa dawowa bayan kowane zaɓe, sababbi ke cika zauren, kuma waɗanda suka san yadda aka warware irin wannan rikici shekara goma da suka wuce su ne ma'aikatan dindindin. Najeriya tana da hukumar da ke kula da ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da ma'aikatan Majalisar Tarayya, kuma gyaran tsarin mulki na 2018 ya ba majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu, amma rubuta 'yanci a takarda daban, samun jami'in da zai iya cewa "ranka ya daɗe, ƙa'ida ba ta yarda ba" kuma ya kwana da aikinsa daban.

Ba ina cewa kowane Akawu waliyyi ne ba. Shi ma yana iya karkata, yana iya ɓoye takarda ko ya jinkirta ta, kuma da yake ba zaɓarsa aka yi ba, babu ranar da jama'a za su hukunta shi a akwatin zaɓe. Wannan ma ƙarin dalili ne na a riƙa rubuta shawararsa a inda za a iya dubawa, kamar yadda aka yi a misalin da na kawo.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon wakilanku na majalisa su riƙa bambanta hadimin Kakaki da ma'aikacin majalisa idan suna ambaton majiya, domin maganar ɗaya matsayin ɗan siyasa ce, ta ɗayan kuma ya kamata ta zama abin da ke rubuce. Idan aka yi rikicin tsige shugaba ko zaɓensa, su nemi jadawalin zaman ranar da rajistar waɗanda suka halarta, su tambaya ko Akawu ya ba da shawara da kuma ko an bi ta. Idan an sa hannu a kan muhimmiyar doka, su gwada kwafin da aka wallafa da wanda zauren ya amince da shi. Idan kuma za a naɗa sabon Akawu, su gaya mana wa ya zaɓe shi, da wane ma'auni, kuma wa ke da ikon cire shi.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar harkokin majalisa