Masu fim, dodon ba shi ne labarin Nibelungen ba

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana sosa mini rai.

Ni malamar adabi ce, kuma na yi shekaru ina karanta waƙar Nibelungen ta Jamus a fassara. An rubuta ta wajen shekarar 1200, baiti kusan 2,400 a babi 39. Tun 1924 da Fritz Lang ya mayar da ita fim, zamanin da fim ba ya magana, Jamusawa ke komawa gare ta. Ko a 2024 an fitar da wani ta ɓangaren Hagen, babban bafaden Sarki Gunther a labarin. Abin da ke damuna shi ne, da an ce za a yi fim ɗin almara da ita, sai hankali ya koma kan dodon da Siegfried, jarumin labarin, ya kashe: girmansa, haƙoransa, wutar bakinsa.

A waƙar kuwa kisan dodon nan 'yan layuka ne. Ba ma ganin faɗan ma. Hagen ne ke ba da labarinsa a fadar Gunther da ke birnin Worms ranar da Siegfried ya iso baƙunci: ya kashe dodo, ya yi wanka da jininsa, fatarsa ta daina jin makami.

Inda labarin ya kama wuta shi ne ƙofar majami'a. Kriemhild, matar Siegfried, da Brünhild, matar yayanta Sarki Gunther, suka yi gardama kan wadda za ta fara shiga. Brünhild ta ce mijin Kriemhild bara ne kawai a fada. Ita kuwa ta fito da zobe da ɗamarar da Siegfried ya ɗauke wa Brünhild, ta tozarta ta a bainar jama'a. Duk jinin da ya zuba daga baya, daga wannan gorin ya samo asali.

Sai wurin da ya sa na ajiye littafin a karatuna na farko, na kasa ci gaba a ranar. Lokacin wankan jinin, wani ganye ya faɗo tsakanin kafaɗun Siegfried, wurin ya zama lagonsa. Hagen, da ke neman rama wa Brünhild, ya zo wa Kriemhild da fuskar ɗan'uwa, ya ce ta nuna masa wurin don ya kare mijinta a fagen fama. Da hannunta ta ɗinka ƙaramar alama a rigarsa. A kan alamar Hagen ya soka mashi, Siegfried na sunkuye yana shan ruwa a marmaro.

Wanda ya rufe fim a nan, rabin aiki ya yi. Hagen ya nutsar da dukiyar Kriemhild a kogin Rhine. Ta auri Etzel, wato Attila sarkin ƙabilar Hun, ta riƙe abin a zuci sama da shekara 20, sannan ta gayyato 'yan'uwanta biki, aka karkashe su. Ta sa aka sare kan Gunther, ta kashe Hagen da takobin mijinta, ita ma aka kashe ta nan take. Wannan ɓangaren ne ke da tushe a tarihi, domin wajen 436 mayaƙan Hun sun murƙushe masarautar Burgundi, wadda ita ce masarautar Gunther a waƙar. Na jinjina wa Lang da ya ware wa fansarta kashi na biyu sukutum.

Ba na ƙin dodo. A yi shi da kwamfuta, ya firgita mu. Amma ina roƙon duk wanda zai sake taɓa labarin nan, ya bar kyamara ta daɗe a kan Kriemhild da allura a hannu, tana ɗinki, tana gode wa Hagen.

Wassalam,
Wata malamar adabi