Tsofaffin Hotunan Mamata Ba Abin Tsoratarwa Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan tsofaffin hotunan mamata na Turai da Amurka, waɗanda ake ta yaɗawa a shafukan sada zumunta da kalaman tsoratarwa, sai ka ce iyalan da suka ɗauke su ba su da tausayi. Ni a ganina an zalunci mutanen nan, domin tausayi ne ma ya sa suka yi abin da suka yi.

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris. Kafin wannan lokaci, sai mai hali ne ke iya biyan mai zane ya zana fuskar ɗansa ko matarsa. A zamanin kuwa mutuwar ƙananan yara ta yi yawa ƙwarai: a Ingila kusan jarirai 150 cikin kowane 1,000 kan rasu kafin su cika shekara guda, ga kuma ƙyanda da mashaƙo da kwalara suna ɗauke waɗanda suka ɗan tasa. Da yawa daga cikin yaran nan ba a taɓa ɗaukar hotonsu suna raye ba, saboda haka idan ajali ya zo, iyaye kan kira mai hoto kafin a binne, a sa wa yaron tufafinsa mafi kyau, a kwantar da shi a gado ko a cinyar mahaifiyarsa kamar mai barci, wani lokaci har a ɗan shafa launi a kumatunsa a jikin hoton. Wannan shi ne kaɗai abin da zai rage musu na kamanninsa. Hoton Daguerre guda ɗaya tak yake fitowa a kan farantin tagulla mai rufin azurfa, ba a iya kwafinsa, shi ya sa ake adana shi cikin ɗan akwati mai shimfiɗar karammiski. Bayan da wani mai hoto Bafaranshe mai suna Disdéri ya fito da ƙananan hotunan kati a 1854, sai aka samu damar aika wa dangi na nesa nasu kwafin.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar da ake haɗawa. Za ka ga hoton mutum a tsaye, ƙafar wani ƙarfe tana leƙowa ta bayan takalmansa, a ce wai gawa ce aka tokare. Ba haka ba ne. Kyamarar zamanin tana buƙatar mutum ya tsaya cak na ɗan lokaci, shi ya sa ake tallafe masa ƙeya da wannan ƙarfe don kada hoton ya yi dishi-dishi, kuma ƙarfen ba shi da ƙarfin riƙe gawa. Haka nan hotunan da uwa ke lulluɓe da mayafi tana riƙe da jariri: yaron da ransa, riƙe shi kawai take yi ya natsu. Wasu dillalan tsofaffin kaya kan laƙaba wa irin waɗannan sunan hoton mamaci domin su ƙara musu kuɗi.

Al'adar ta ja baya bayan da kyamarar Kodak ta fito a 1888, sannan Brownie mai araha a 1900, har talaka ya iya ɗaukar ɗansa yana wasa. Amma ba ta mutu nan take ba, domin James Van Der Zee ya ci gaba da ɗaukar irin waɗannan hotuna ga iyalan baƙar fata a unguwar Harlem ta New York a shekarun 1920 da bayansu.

Roƙona ga jaridarku shi ne, idan za ku buga irin wannan hoto, ku tabbatar da asalinsa tukuna, ku ambaci gari da shekara da mai ɗaukar hoton idan an san su, kuma kada ku sa shi a shafin nishaɗi ko na abin al'ajabi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku.