Koke zuwa ga Mai Martaba kan halin da tafkinmu ya shiga

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu masunta da manoman rani da makiyaya da masu ɗiban ruwa a bakin tafki ne muka haɗu muka rubuto wannan takarda, don abin ya wuce mu tsaya muna ƙorafi a tsakaninmu. Ruwan ya koma kore shar kamar an kwara fenti, in rana ta take wari ne ke tashi, kainuwa ta toshe mashigar kwale-kwale, da asuba kuma sai ka tarar kifi ya taso sama yana haki, wasu ma sun riga sun juya ciki. Ana ta cewa wai wani ne ya zuba guba. Ranka ya daɗe, taki ne ya yi wa ruwan yawa, kuma ana ganin inda yake shigowa ƙiri-ƙiri, daga gonakin bakin ruwa, da kwatocin gari, da mayanka, da kashin dabbobi a mashaya.

Sinadarin da ake kira naitirojin shi ne kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa haka nan sai ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa da na saiwar wake da danginsa sun sarrafa masa, shi ya sa a da kaɗan-kaɗan yake isa ruwa. Tun da aka fara haɗa takinsa a masana'anta a Jamus a 1913 lissafin ya canza. Buhun yuriya kusan rabinsa naitirojin ne, kashi 46, kuma shuka da kyar take shan rabin abin da aka zuba mata, saura wani ya tashi iska wani ruwan sama ya wanko shi ya gangaro tafki, gansakuka ta samu abin da take so ta hayayyafa ta rufe saman ruwa, in ta mutu ta nutse ta fara ruɓa, ruɓar nan ce ke cinye iskar oksijin da kifi ke rayuwa da ita. Da dare gansakukar ma shaƙa take yi ba ta bayarwa, shi ya sa mutuwar kifi ta fi yawa kafin fitowar rana.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne Allah ya yi wa tafkin nan matatar ruwa tun asali. Ciyawa da taɓon fadamar da ke kewaye da shi suna tare ruwan da ya gangaro, ƙwayoyin halitta na cikin taɓon su mayar da naitirojin iska ya koma sama inda ya fito. Yanzu an sare ciyawar an nome har leɓen ruwa, babu abin da ke tsakanin buhun taki da tafki.

Sannan akwai abokin tafiyar naitirojin, sinadarin fosforos, da ke zuwa cikin takin NPK da bahaya da wasu sabulun gari na wanki. Shi ba ya komawa iska, kwanciya yake a laka, in oksijin ya ƙare a ƙasan ruwa ya sake tasowa, don haka ko yau aka rufe kwatocin sai an yi shekaru kafin ruwan ya washe, duk jinkirin da aka yi ƙarin shekaru ne.

Maganar lafiya kuma ba wasa ba ce wallahi. Wani nau'in gansakukar yana fitar da dafi mai taɓa hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe shi. A 2014 birnin Toledo na Amurka sai da aka hana mutum sama da 400,000 shan ruwan famfo na kusan kwana 3 saboda tafkin Erie, haka Wuxi ta ƙasar Sin a 2007 saboda tafkin Taihu. Su suna da injinan tace ruwa, mu da dabbobinmu kai tsaye muke sha. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar naitiret, wato nau'in naitirojin da ke narkewa a ruwa, ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha, saboda jarirai. Amma abin yana gyaruwa, tafkin Washington da ke birnin Seattle na Amurka an karkatar da ruwan ƙazanta daga cikinsa tsakanin 1963 da 1968, ya dawo garau.

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya sa baki a shata iyaka a bar ciyawar bakin ruwa ta dawo, babu noma babu zuba taki a cikinta, kuma wanda abin ya taɓa gonarsa a duba masa wani wuri don kar gyara ya koma zalunci. A kira malaman gona su nuna yadda ake raba taki kashi-kashi a tusa shi a ƙasa maimakon watsawa ana ganin hadari. Ƙaramar hukuma ta kawar da kwatar mayanka da ta gari daga tafkin, a ware mashaya guda. In an yi gayyar kwashe kainuwa a fitar da ita nesa, don in aka jibge ta a gaɓa ruɓewa take ta koma ciki. Kuma a turo masu gwajin ruwa rani da damina a riƙa faɗa mana sakamako a fili.

Muna neman a sa mana rana kafin faɗuwar damina mu zo fada tare da Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Arɗo a zauna.

Mu ne talakawanka na bakin tafki. Ranka ya daɗe.