Fomat Na Gaggawa Ba Ya Goge Sirrin Da Ke Cikin Kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin masu shagunan buga takardu, makarantu da ɗalibai a nan Katsina, masu sayar da tsohuwar kwamfuta da zarar sun yi mata fomat. Fomat na gaggawa jadawalin da ke nuna wurin kowane fayil kawai yake sharewa. Hotunan iyali, lambobin BVN da takardun jama'a suna nan kwance a kan faifan ajiyar kwamfutar (hard disk), kuma manhajar kyauta irin Recuva ko PhotoRec tana iya tono su.

Maganin shi ne a rubuta sifili a kan faifan tun daga farko har ƙarshe. Da farko a kwashe abin da ake buƙata, a cire duk wani faifai ko filasha da ba a nufin gogewa, domin kuskuren zaɓen faifai ba ya gyaruwa. Sai a tayar da kwamfutar da filashar sanya Windows, a danna Shift da F10, a rubuta diskpart, sannan list disk. A duba girman faifan da kyau kafin a rubuta select disk da lambarsa, sannan clean all. Wanda ya rubuta clean kaɗai zai ga an gama cikin daƙiƙoƙi, to jadawalin kawai ya share, bayanan ba su tafi ko'ina ba.

Faifai mai gigabait 500 yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ta tsohuwar kafar USB 2.0 aka haɗa shi, a sa ran awa huɗu ko biyar. Nan ne matsalarmu take, wato wuta. In aka ɗauke ta a tsakiyar aiki, rabin faifan na nan da kayansa, dole a koma farko. A tanadi janareto ko sola kafin a fara.

Wasu sun nace sai an maimaita sau 35. Wannan tsarin masanin kwamfuta Peter Gutmann ne na 1996, saboda faifan wancan zamani. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta ce zagaye ɗaya ya wadatar ga faifan yanzu. Maimakon ɓata mai, a gwada faifan da PhotoRec bayan an gama. Bai kamata ya tsinci komai ba.

Sifilin ba ya kaiwa ga sassan da suka lalace, waɗanda faifan ya killace da kansa. Faifan da ke ƙaƙat-ƙaƙat ko yake tsayawa a hanya, kada a sayar, a huda shi da injin huji a wurare uku ko huɗu. Duk wannan bayani na faifai mai juyawa ne. SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta da faifai mai juyawa, yana rarraba rubutu yadda ya ga dama, don haka sai a yi amfani da umarnin Secure Erase na kamfanin da ya ƙera shi.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Katsina.